Ranar da Kifi Suka Cika Shingen Solgae

Jakar goyon ta 'yata ce, ja, mai igiyoyi barkatai. Ta bar ta a bayan ƙofa ranar da ta tare a gidan mijinta, ni kuma shekara biyu ina kewaye ta da tsintsiya ban taɓa ɗaga ta ba. A kakar da na ajiye aikin girki a makarantar firamare, bayan shekara ashirin da uku ina dafa wa yara ɗari shida abincin rana, Yaya Ok-bun ta shigo gidana a birnin Daegu ta gan ta.

Ba yayata ba ce ta jini. Layi ɗaya muka taso, ta girme ni da shekara uku, kuma tun ina 'yar mitsitsiya take jana duk inda ta nufa. Mijinta ya rasu, shagon taliyarta kuma ta sakar wa matar ɗanta.

"Ke Geum-ran, wannan ta wa ce?"

"Ta yarinyar nan ce. Yawon duniya ta yi da ita."

"Ita ta yi yawon duniya, uwarta ko a bakin teku ba ta taɓa kwana ba." Ta kakkaɓe jakar, ta goya, ta je gaban madubi ta juya dama ta juya hagu. "Dube ni. Ban yi kama da 'yar jami'a ba?"

"Kin yi kama da mai tallar barkono."

"To mai tallar barkono za ta Kudu ranar Litinin. In za ki, ki zo. In ba za ki ba, ara min jakar."

Litinin ta same mu a tashar mota, ni da jar jaka, ita da wata koriya da ta aro a maƙwabta. Tun a kujerar mota ta kafa doka: ba otal, ba tasi. Bas ɗin ƙauye za mu riƙa bi, inda ta sauke mu nan za mu nemi gidan da zai ba mu ɗaki da shinkafa a kan ɗan abin da ke aljihunmu. Daren farko a gidan wankan jama'a mai zauren kwana muka kwana a Masan, cikin mata arba'in masu minshari. Na biyu da na uku a gidan wani manomin tafarnuwa, wanda matarsa ta cika mana jaka da dafaffen dankali. Kafaɗuna suka yi tsami, tafin ƙafata ya yi bororo, amma ban tuna rabon da na yi dariya haka ba. Duk tsaunin da muka gani sai Yaya ta ce mu hau, in mun kai rabi ta zauna ta ce ai ta ga abin da za ta gani.

A rana ta huɗu muka ga sunan Solgae a jikin allon tasha, can ƙarshen layi.

"Me ke can?" in ji Yaya ga direba.

"Teku."

"Sai me?"

"Sai ni, sau biyu a rana."

Mu biyu kaɗai muka rage a motar lokacin da ya tsaya. Ya tambaye mu ko mun tabbata, sannan ya juya ya tafi, ƙarar injin ta ɓace a bayan tsauni. Shiru ya rufe mu. Titi ɗaya ne, ya bi bakin ruwa ya lanƙwasa. Gidaje sun hau tudu bisa-bisa, rufinsu shuɗi da ruwan lemo. Kwale-kwale huɗu a ɗaure, kyanwa tana barci a kan tulin raga. Tekun kuwa ta shimfiɗe lumui kamar faranti. Yaya ta ware hannuwa ta ja iska.

"Nan ne! Nan nake nema!"

Gida ɗaya ne mai allon saukar baƙi, kuma kwaɗon ƙofarsa har ya yi tsatsa. Muna tsaye muna kallon juna sai na hangi wani tsoho a kan benci, hannunsa na dama a nannaɗe a cinya, sanda a na hagu. Na rusuna na gaishe shi, na tambaye shi inda baƙo zai sami ɗaki. Ya daɗe yana kallon jakunkunanmu, sannan ya ɗaga sandar ya nuna wani gida a saman matakala, mai bishiyar kanya a tsakar gida.

Matakala sittin da biyu ne. Yaya ta ƙirga su da baki tana haki.

A tsakar gidan wata tsohuwa ce zaune a gindin tulin jan barkono tana cire masa kara. Ƙarama ce, bayanta ya ranƙwafa, amma idonta kamar na shaho. Daga baya muka ji kowa 'Yar Hadong yake kiranta, don daga can aka auro ta shekara hamsin da suka wuce.

"Ba na saukar baƙi," ta ce tun kafin mu gama gaisuwa.

"Inna, wani dattijo ne a ƙasa ya nuno mana nan."

"Mai sanda?"

"Shi."

"To ku koma ya sauke ku a kan bencinsa."

Na juya zan tafi. Yaya kuwa sai ta sauke jakarta, ta tsuguna a ɗaya gefen tulin, ta kama cire kara kamar an gayyace ta. Hannunta da sauri, hannun mai shago ne. Tsohuwar ta harare ta, ta harare ni, ta ci gaba da aikinta. Na tsuguna ni ma. Sai da tulin ya ragu da rabi sannan ta yi magana, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ɗakin ɗana ne, akwai buhunan shinkafa a ciki, ba zan kwashe su ba. Abin da na ci shi za ku ci. Ku ba ni abin da kuka ba na jiya."

"Inna, kin ga hannunki ya fi bakinki kirki," in ji Yaya.

"Ke kuma bakinki ya fi jakarki nauyi."

Da la'asar muka ji ƙwas, ƙwas a matakala. Tsohon bencin nan ne yake hawowa, ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa. Ya shigo ya zauna a bakin baranda, tsohuwar ta cire masa takalmi tana mita. Ashe mijinta ne, Baba Tak. Da muka shiga kicin taya ta girki ta ba mu labarin a gajarce. A da shi ne mai jirgin kamun kifi mafi girma a garin. Shekara shida ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Yana iya magana, sai dai kalmar tana fita a karkace, kuma tun ranar da wani baƙo ya yi dariya bai sake buɗe baki a gaban mutane ba. Ko ita ma sai dai ya nuna da sanda.

"Mutumin da in ya yi tsawa a teku ake jin sa a nan kicin," ta ce, ta doka wuƙa a kan kabewa.

Abincin ya yi daɗi: shinkafa, miyar ganyen teku, kimchin bara, wato kabejin da aka tsima da barkono har ya yi tsami, da soyayyen kifi guda biyu da aka raba mu huɗu. A kusurwar tsakar gida na lura da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da aka gina a cikin murhun laka, an rufe bakinta da katako an jera tukwanen furanni a kai. Idon mai girki ba ya wuce tukunya. Na ce a raina wannan za ta ci ruwa jarka goma. Na so in tambaya, gajiya ta hana ni. Rana na faɗuwa muka shimfiɗa barguna tsakanin buhunan shinkafa, ƙarar ruwa ta yi mana rarrashi.

Washegari mun ɗaure kaya, za mu bi motar ƙarfe goma. Mun ci mun wanke kwanuka, Yaya tana ɗaura igiyar takalmi, sai lasifikar da ke kan fal ɗin wuta ta yi ƙara, wani yana gwada ta.

"A, a. Kuna ji na? Mai unguwa ne ke magana. A, a. Jama'ar Solgae, miyolci sun shigo shinge! Na ce miyolci sun shigo shinge! Duk mai ƙafa ya fito, duk mai roba ya ɗauko! Ruwa yana janyewa, ba wasa nake ba!"

Miyolci dai ƙananan kifin nan ne da babu kicin ɗin da ba shi da busassunsu. Na dafa romonsu ya fi sau dubu, amma ban taɓa ganin ɗaya da rai ba.

'Yar Hadong ta saki kwanon da ke hannunta. Na rantse bayanta ya miƙe. Ta faɗa rumfa ta fito da kwanduna, da rariya mai mariƙi, da takalman roba da ba su yi wa kowa daidai ba, tana jefo mana su.

"Me kuke kallo? Ku zazzage jakunkunan nan!"

"Inna, motarmu..."

"Motar za ta dawo gobe. Waɗannan shekara goma sha ɗaya rabonsu da mu! Ku zazzage, na ce!"

Yaya ba ta jira an maimaita ba. Ta kifa jakarta a baranda, riguna da maganin gwiwa da dankalin manomi suka watse. Na kifa tawa. Tsohuwar ta cusa buhun leda a cikin kowace, ta tura mu gaba. Da na waiwaya na ga Baba Tak ya miƙe tsaye, yana kallon teku.

Garin da jiya ko tari ba a yi a cikinsa, yau kowace ƙofa a buɗe take. Tsofaffi ne ke fitowa ta ko'ina, mata sun fi yawa, kowace tana tura tsohon keken jarirai da take dogarawa, an ɗora masa robar wanki. Wata ta fito da man rini a rabin kanta. Wani dattijo da wandon barci yana gudu da tukunyar shinkafa. Kaf garin babu wanda bai ba sittin baya ba, in ka cire ni da Yaya.

Shingen a bayan kwanar titi yake: katangar duwatsu mai siffar rabin wata, wadda kakannin garin suka jera a bakin ruwa. In teku ta cika takan shanye ta, in ta janye kuma abin da ya shigo ba ya fita. Muna shan kwana na tsaya cak. Ruwan da ke cikin shingen ya yi baƙi ƙirin, sai kuma ya yi walƙiya fari fat, sai ya sake yin baƙi. Tafasa yake kamar an hura wuta a ƙarƙashinsa. Kifi ne, kifi a kan kifi, har suna tsalle suna faɗowa kan tsakuwa. Tsuntsayen teku sun rufe sama suna ihu. Can waje manyan kifin da suka koro su suna yanka ruwa.

"Wayyo uwata!" Yaya ta ƙwala, ta faɗa ruwa da takalmin roba ɗaya a hannu.

Na bi ta. Sanyin ruwan ya sare ni har gwiwa, kifayen suna dukan ƙaurina kamar ruwan sama. Na zura kwando, na ɗago, na kasa ɗagawa. Ya cika maƙil! Dariya ta kama ni, irin wadda ba a iya tsayarwa. Na zubar da rabi na kai wa 'Yar Hadong, wadda ta tsaya a kan dutse tana ba da umarni.

"Kada ki danna su! A hankali, ba yashi kike ɗiba ba! Ke mai baki, hagu, hagu, can suka taru!"

Wata doguwar tsohuwa da ke cika robarta a kusa ta ɗaga murya. "'Yar Hadong, ina kika samo 'yan ƙwadago? Ke da kika ce ba kya saukar baƙi!"

"'Ya'yana ne, daga birni suka zo. Naki ina suke?"

"Nawa suna ofis, suna da aikin yi."

"To ki kira ofis ɗin ya zo ya ɗaukar miki roba!"

Duk shingen ya kwashe da dariya. Yaya ta juya don ta sa baki, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas a ruwa har ƙirji. Da ta miƙe kifi na zubowa daga aljihun rigarta, ɗaya ya maƙale a gashinta yana wutsil-wutsil. Mai unguwa, wani kakkauran mutum mai hular kamfanin taki, ya tafa hannu daga kan 'yar taraktarsa.

"Baiwar birni, wannan kamun naki ne, ba za mu raba da ke ba!"

Daga nan aka shiga matsala. Miyolci ba sa jira. Suna fita ruwa suke mutuwa, in ba a dafa su nan take ba cikinsu ya fashe, sai dai a zuba a tulun gishiri. Kekunan jarirai kuwa ba sa hawa matakala. 'Yar Hadong ta buɗe bakin jakata, ta juye kwando uku a ciki, ta ja igiya.

"Gida. Da gudu. Hura wuta a ƙarƙashin duk tukunyar da kika samu."

Na goya. Ban san yadda zan kwatanta abin ba. Jakar tana rawa a bayana, dubban ƙananan jikuna suna karkarwa tun daga wuyana har ƙugu, ruwan gishiri yana bin ƙafafuna. Na hau matakala sittin da biyun nan ban huta ko sau ɗaya ba, ni da likita ya ce in rage hawa bene.

Tun kafin in kai ƙofa na ji ƙamshin hayaƙi. Tukwanen furannin suna ƙasa, ɗaya ta fashe. An ture katakon. Wuta tana ci a ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar, an zura tiyo a cikinta ruwa na zuba. Baba Tak yana durƙushe a bakin murhu, sandarsa a yashe can gefe, yana tura itace da hannu ɗaya. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi jakar. Bakinsa ya motsa sau biyu babu abin da ya fito. A na uku ya fito.

"Gi... shiri."

A karkace ta fito, amma na ji. Ya nuna rumfa da haɓa. Na jawo buhun gishiri, na auna da ido yadda na saba auna wa tukunyar miyar yara, na zuba kwano huɗu, na juya da muciya. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana.

"Ƙara."

Na ƙara rabin kwano. Ya sake ɗanɗanawa, ya dube ni da kyau a karon farko.

"Kin... san tukunya."

"Shekara ashirin da uku, Baba."

Ya gyaɗa kai. Da ruwa ya tafasa ya nuna min faffaɗan matankaɗin gora da ke rataye. In shimfiɗa kifin sama-sama, kada su hau juna, in nutsa a hankali. Na nutsa. Azurfar jikinsu ta koma fari, suka lanƙwashe, suka fara tasowa. Na kai hannu zan fitar.

"Tukuna!"

Na janye. Numfashi uku, huɗu.

"Yanzu!"

Na ɗago. Tururi ya buge ni a fuska, ƙamshi mai zaƙi kamar na sabuwar masara. Ya ɗauki ɗaya ya karya, ya duba ciki, ya jefa a baki, ya miƙo min wani. Duk romon da na dafa a rayuwata ashe inuwar wannan ce.

Yaya ta iso da tata jakar tana nishi, ta juye, ta koma. Haka muka yi ta yi, ita tana hawa da sauka, ni ina tsoma matankaɗi, shi yana cewa tukuna da yanzu. Can ƙasa na ji hon ɗin motar ƙarfe goma. Na leƙa ta kan katanga na ɗaga wa direban ludayi. Ya tsaya, ya fito, ya dubi shingen, ya koma motar ya ɗauko bokitin wanke gilashi ya nufi ruwa.

Hayaƙin namu ne ya tona mu. Babu wanda ya rage da tukunya mai girman wannan a garin, saura duk sun sayar wa masu gwangwan. Kafin sha ɗaya layi ya miƙe daga ƙofarmu har rabin matakala, ana miƙo robobi hannu da hannu. Doguwar tsohuwar nan ce a gaba.

"Baban Yong-su, ashe kana nan da ranka? A taimaka a tsoma min nawa."

Baba Tak ya leƙa robarta, ya yamutsa fuska. "Kin... danne su. Kamar... kullum."

Matar ta buɗe baki ta kasa rufewa. Sai ta juya ta yi wa na baya shela: "Ya yi magana! Ya zage ni! Jama'a, Baban Yong-su ya zage ni!" Matakala ta ɗauki sowa har ƙasa.

'Yar Hadong ce ta hawo a ƙarshe, ruwa ya dawo ya shanye shingen. Tana jiƙe sharkaf, ɓawon kifi ya manne mata har a gira. Ta tsaya a ƙofa tana kallon mijinta a bakin murhu. Ta wuce ta ɗebo itace ta cusa a wuta, da yawa.

"Ke!" Tsawar ta sa kyanwar da ke kan katanga ta dira. "Za ki... ƙona min... ruwa! Rage!"

"Ji min mutum! Shekara shida ba ka ce min sannu ba, sai yau ka ce min ke?"

"Rage!"

Ta rage. Ta zauna a kan dugaduganta tana jan itacen baya ɗaya-ɗaya, tana share ido da bayan hannu. Da ta ga ina kallonta ta ce, "Hayaƙi ne. Kula da tukunyarki."

Da azahar babu inda za ka sa ƙafa a Solgae. An shimfiɗa raga a kan titi tun daga tashar mota har kwanar shinge, a kan rufi, a kan kwale-kwale, ko'ina kifi na sheƙi a rana. An ba dattijon nan mai wandon barci gora ya riƙa korar tsuntsaye, yana zaginsu da sunayen surukansa. Yaya kuwa ta shige kicin ɗin zauren gari kamar gadonta. Ta ware kifin da ba a dafa ba, ta sa mata uku cire kai da ƙaya, ta kwaɓa su da tattasai da ruwan tsami da ganye, ta dafa taliya a romon da ya rage. Mutum talatin da ɗaya suka ci. Maza suka buɗe giyar shinkafa, mai unguwa ya yi jawabi, babu wanda ya saurara. Doguwar tsohuwar ta sha romo ta dubi Yaya.

"Kina da miji?"

"Ya rasu."

"Ina da ƙane a nan bayan tsauni. Haƙoransa duk nasa ne."

"Ki ce ya riƙe su, zan aiko in na shirya."

An kawo Baba Tak a bayan tarakta. Bai yi magana da yawa ba, amma da aka fara gardamar wace shekara aka yi irin wannan kamu, shi ya raba ta da kalma biyu, kuma babu wanda ya musa.

Kwana uku muka ƙara. Busar da kifi ba ta son gaggawa: a juya da safe, a juya da rana, a kwashe kafin raɓa. A rana ta biyu hadari ya taso daga teku, garin duka ya sake fitowa da gudu, muka naɗe raguna cikin minti goma, sai hadarin ya wuce bai zubar da ko ɗigo ba, aka tsaya ana zaginsa. Da yamma nakan zauna a baranda da Baba muna tsince kifin, manya gefe, ƙanana gefe. Yana ba ni labarin jirginsa, kalma ɗaya sai ya huta, ni kuma ba na cike masa, ina jira har ta fito. Jakunkunanmu mun wanke su sau uku da sabulu, mun shanya, duk da haka kyanwoyin unguwa a gindinsu suke yini.

Ranar tafiya 'Yar Hadong ta ɗaure mana kifi a manyan ledoji biyu. Doguwar tsohuwar ta kawo nata, mai unguwa ya kawo nasa, har sai da na cire rigar sanyi na ɗaura a ƙugu don a sami wuri. 'Yar Hadong ba ta rako mu ba, ta ce gwiwarta. Daga saman matakala ta ɗaga murya.

"In za ku dawo ku zo lokacin kabeji, akwai aiki! Kuma ke mai baki, ki zo da takalmin da ya yi miki!"

Baba Tak yana kan bencinsa. Muka rusuna. Ya kama hannuna da na hagunsa ya matse.

"Sauka... lafiya."

Direban nan ne dai. Muna shiga ya shaƙi iska ya ce, "To, Solgae ta shigo mota." A ƙauye na gaba mata biyar suka hau da kayan kasuwa, ba a yi nisa ba ɗaya ta fara waige-waige tana jan hanci. Yaya ta kwance leda ta miƙa mata. Ledar ta zaga motar har ta kai ga direba ta dawo. Wata ta ce gishirin ya yi daidai, wata ta ce ya ɗan yi kaɗan, gardama ta kaure.

"Wa ya dafa wannan?" in ji wata mai ɗankwali shuɗi da ke bayana.

"Ita," in ji Yaya, ta nuna ni da babban yatsa.

Matar ta sake ɗaukar ɗaya, ta tauna a hankali. "Ina za ku kwana yau?"

"Ba mu sani ba tukuna."

"To ku sauka tare da ni a mashigar jirgi. Gidana yana tsibirin can, akwai ɗaki. Gobe muna haƙar dankali."

Yaya ta dube ni, na dube ta. Ta miƙa hannu ta danna ƙararrawar tsayawa tun saura tasha biyu.